Fundin da ya gyara mana kwata a tafkin Victoria

Ni mutumin Yauri ne, a bakin ruwa na tashi, don haka da aikin koyarwa ya kawo ni Kampala ban daɗe ba na nemi inda zan riƙa jin ƙanshin ruwa a ƙarshen mako. Na shiga wata ƙaramar ƙungiya ta masu tuƙa kwalekwalen da iska ke turawa a tafkin Victoria, daga baya aka ɗora mini kula da jirage da kwata, wato dandamalin da jirage ke tsayawa a bakin ruwa. Abin da zan faɗa a nan game da wani dattijo ne mai gyara da yaransa huɗu, waɗanda muka ba aiki bayan ɓarnar 2020. A nan Uganda mai sana'ar hannu fundi ake ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Tun watan Oktoba na 2019 ake zabga ruwan sama, tafkin yana ta cika. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 68,000, amma mafitarsa ɗaya ce tak, kogin Nilu a Jinja. A watan Mayun 2020 ma'aunin Jinja ya nuna mita 13.42, ya haura abin da aka gani a 1964. Kafin nan, ranar 14 ga Afrilu, wani tsibirin ciyawa da ruwa ya tumɓuko ya toshe injinan madatsar wutar lantarki ta Nalubaale, ƙasar gaba ɗaya ta shiga duhu. Ga kuma kullen korona, an hana motocin gida fita. Muna zaune a gida ruwa yana hawa kwatarmu ta katako, ba mai iya zuwa ya ja jirage sama.

Hadarin tafkin nan na dare ne. Ruwa yana riƙe ɗumin rana, ƙasa kuwa ta huce, sai iska ta taso daga kowane gefe ta haɗu a tsakiyar tafki, can wajen asuba ta ɓarke. Irinsa ne ya same mu. Da mai gadi ya turo mini hotuna sai da na yi salati. Igiyar ruwa ta bugi katakon kwatar daga ƙasa ta ɓamɓare fiye da rabinsa. Zoben ƙarfen da muke ɗaure jirage a ƙasa duk ruwa ya rufe su, iska ta ɗauki jirage ta kifa wasu kan wasu, reshen bishiya ya faɗo kan guda biyu. Jirage ƙirar Laser bakwai da ƙirar Optimist huɗu na yara suka ji rauni, kwalekwalen cetonmu mai inji kuma ya nutse a inda yake ɗaure.

Mutum uku muka kira su duba. Biyun farko sun auna tsohuwar kwatar, suka ba mu farashin mayar da ita yadda take. Fundi shi ne na uku, kuma bai fito da awo ba sai da ya zagaya. Ya tsaya jikin wata bishiya ya nuna mini layin laka da ruwa ya bari, ya ce, "Hajji, in na mayar maka da ita a tsayinta na da, kuɗinku zan ci. In na ɗaga ta kuma, ranar da ruwa ya janye sai yaranku sun yi tsalle kafin su sauka cikin jirgi." Na ce, "To Mzee, ya za a yi?" Ya ce a bar ta ta bi ruwa.

Kwamiti bai so ba da farko. Wasu sun saba da tsohuwar tun suna matasa, wasu kuma na ganin kwata mai iyo a kan durom ba ta dace da ƙungiya irin tamu ba. Ni dai na goyi bayansa, saboda na san yadda ruwan Kainji ke hawa da sauka a shekara, na kuma ga yadda masu jirgi a gida ba sa kafa abu a wuri ɗaya su ce ruwa ya zo ya same shi.

Ga abin da ya yi. Ya raba kwatar kashi uku, kowane kashi yana zaune kan durom takwas na roba masu cin lita 200. Durom ɗaya na iya ɗaukar kusan kilo 200 kafin ya nutse, amma shi a rabi ya yi lissafi, domin in mutane suka taru a gefe guda kada ta karkata. Kowane durom sai da ya shafa wa murfinsa gam ya ɗaure, ya sa yaro ya danna shi cikin ruwa, ya tsaya yana kallon ko kumfa za ta fito. Biyu sun yi kumfa, ya mayar wa mai sayarwa. Firam ɗin na ƙarfe ne, katakon sama na itacen turare da aka jiƙa da magani, ya bar ratar yatsa tsakanin katako da katako don igiyar ruwa ta samu hanyar fita maimakon ta ɗaga su. A inda kwatar ta haɗu da ƙasa ya kafa 'yar gada mai gwiwa, tana lanƙwasa sama da ƙasa. Can ƙarƙashi kuma ya jefa dunƙulen kankare huɗu, da sarƙa mai sako-sako wadda za ta miƙe in ruwa ya ƙaru. Tsofaffin ginshiƙan na itacen mvule, wanda mu muke kira loko, bai yarda a cire su ba. Ya ce har yanzu sun fi duk abin da za mu iya saya a kasuwa, ya mayar da su abin ɗaure jirage.

Wajen jiragen ne na fi sanin darajarsa. Laser jirgi ne na mutum ɗaya, tsawonsa ya ɗan haura mita 4, nauyin gangarsa kusan kilo 59, kuma rauninsa sananne ne: ramin da ake zura sandar da ke riƙe ƙyallen iska. In ramin ya tsage daga ƙasa ido ba ya gani, sai ranar da iska ta yi ƙarfi sandar ta ɓalle da rufin jirgin. Fundi ya jera su bakwai a inuwa, ya ɗauko buta ya cika kowane rami da ruwa har baki, ya ce mu je mu sha shayi. Da muka dawo, biyar suna nan cike, ɗaya ya ragu kamar gaɓar yatsa, ɗaya ya ƙafe ƙaf. Wanda ya ragu ya yanka masa ƙofa a rufi, ya zura hannu har kafaɗa ya naɗe gindin ramin da zaren gilas da gam ɗinsa, sannan ya sa murfi mai murɗawa. Wanda ya ƙafe kuwa ya ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba, ya sa na saurari yadda sautin ya mutu a tsakiya, ya danna rufin da tafin hannu ya lotsa. Ya ce wannan ya sha ruwa tun kafin hadari, kada mu zuba masa ko sisi, mu cire kayan jikinsa mu yi wa sauran amfani da su. Da ya karɓi kuɗi ya shafe shi da fenti, babu wanda zai gane a cikinmu sai bayan wani ya kife a tsakiyar ruwa.

Injin kwalekwalen ceto ma cewa ya yi ba aikinsa ba ne. Ya haɗa mu da wani makanike a Ggaba, inda masunta ke kai nasu, ya gargaɗe mu kada kowa ya ja igiyar tayarwa kafin a zubar da ruwan ciki a canja mai. Da yake ruwan tafkin ba na gishiri ba ne, injin ya tashi.

Akwai inda bai gamsar da ni ba. Mako shida ya ce, aikin ya ci wata uku. Wani ɓangare ba laifinsa ba ne, dokar hana fita ta ƙarfe 7 na yamma tana korar yaransa gida da wuri, gam ɗin zaren gilas kuma ba ya kamawa da kyau a ranar da iska ke cike da laima. Amma sau biyu ya ɓace kwana huɗu yana wani aikin bai ɗauki waya ba. Rasit kuma sai na bi shi da takarda da biro, alhali ni kwamiti zan yi wa bayani. Abin da ya fi damuna shi ne yaransa suna shiga ruwa har ƙirji ba rigar kariya, ba dogon takalmi, a gaɓar da kowa ya san akwai tsargiya. Sai da na kwaso rigunan ƙungiya na ce ba wanda zai sake shiga sai da ita. Sun sa, bai yi musu ba.

Sannan kashi na uku na kwatar, da ƙusoshi masu rufin da ke hana tsatsa suka ƙare masa, ya cike da na gama-gari bai gaya mana ba. Bayan wata takwas jan ruwa ya fara bin katako. Na kira shi, ya zo ya duba, ya ce kuskurensa ne, ya canja su duka bai karɓi kuɗin aiki ba, mu muka sayi ƙusoshin. Wanda zai ba shi aiki ya rubuta irin ƙusar da yake so a takardar yarjejeniya, ya ƙirga su da idonsa, ya kuma riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sai an gama.

A watan Mayun 2024 tafkin ya sake cika har ya wuce na 2020. Na je da sassafe bayan wani hadarin dare, gabana yana faɗuwa. Ruwa ya cinye ciyawar gaban ɗakin ajiya, 'yar gadar da a da ake gangarawa kanta ta miƙe sosai, kwatar tana sama tana lilo, ciyawar ruwa ta taru a gefenta. Sarƙa ɗaya ce ta yi gajarta tana jan kusurwa ƙasa. Na buga masa waya, ya zo washegari da mita biyu na sarƙa a buhu a bayan babur, ya sa rigar kariya da kansa kafin ya shiga.