Wasiƙa daga Delhi: yadda nake shirya mana zuwa Rajasthan

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanen gida.

Na ji saƙonka cewa in likita ya sallame ka a watan Janairu ba ka son komawa Kano sai ka ga wani abu ban da asibiti da filin jirgi. Na zaɓar mana jihar Rajasthan ta nan Indiya, wadda hamadar Thar ta cinye yammacinta. Lokacin ya yi daidai, domin daga Oktoba zuwa Maris ake zuwa. Da bazara ba a shiga: a garin Phalodi an auna zafi maki 51 a watan Mayun 2016. Amma daren Janairu sanyi ne sosai, ka taho da rigar sanyi da hular da ke rufe kunne.

Abin da ya fi burge ni a shirin nan shi ne jirgin ƙasa. Ina zaune a ɗakina zan sayi tikiti ta manhajar IRCTC, mai sayar da tikitin jiragen ƙasan Indiya, tun saura kwana 60, in ga lambar tarago da ta gado. Akwai jirgin dare mai suna Mandore Express da ke tashi daga Delhi ya wayi gari a Jodhpur. A tarago mai na'urar sanyaya wuri za a ba ka zanin gado da bargo da matashi, ka kwanta ka yi barci, kuɗin otal na wannan daren ya huta. Ka san yadda tafiyar dare take a wajenmu, Hajiya ba ta runtsawa sai an kira an ce an sauka. Sai dai nan ma akwai nasu: gadaje na ƙarewa da wuri, mai jinkiri ya faɗa layin jira, kuma hazon Janairu kan sa jirgi ya makara da sa'o'i. Don haka ban haɗa mana tafiya biyu a rana ɗaya ba.

A Jodhpur akwai Mehrangarh, fada mai ganuwa da Rao Jodha ya fara ginawa a 1459 a kan dutse, garin yana ƙarƙashinta da gidajensa masu shuɗin fenti. Zuriyar sarakunan ce ta kafa gidauniya a 1972 take kula da wurin, kuma ana ganin kulawar. Akwai lif, saboda haka gwiwarka ba za ta wahala ba. Ana ba da na'urar da ake maƙalawa a kunne, ka danna lambar ɗakin da ka shiga ta ba ka labarinsa da Turanci. Banɗaki tsaf, tikiti bugagge, farashi rubuce a bango. Baƙo yana biyan ninkin ba ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma ni ban ga laifin hakan ba tunda ana ganin inda kuɗin ke tafiya. Duk lokacin da na tsaya a irin wannan wuri badalar Kano ce ke faɗo mini a rai. An fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, ɗaruruwan shekaru kafin a aza tubalin Mehrangarh, ga shi ana yanka ta ana fitar da filoti. Abin yana ci mini rai, Yaya.

Daga nan sai Jaisalmer, wadda Rawal Jaisal ya kafa a 1156 da dutse ruwan ɗorawa. Har yau mutane na zaune cikin ganuwar, da shagunansu da wuraren bautarsu. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2013 tare da wasu ganuwoyi biyar na jihar, shekarar da aka sa tsohon garin Agadas. A wajen ganuwa zan kama mana masauki, domin ruwan famfo da na wanka da otal-otal ɗin ciki ke zubarwa yana jiƙa tushen ginin, wanda aka yi shi a zamanin da da tulu ake ɗebo ruwa. Hawan raƙumi a tudun yashin Sam kuwa na cire shi. Wanda ya san hanyar Damagaram ba ya biyan kuɗi don ya ga rairayi.

Inda nake so mu daɗe shi ne yankin Shekhawati, a garuruwan Mandawa da Nawalgarh da Fatehpur. Fatake ne suka bunƙasa su, 'yan kasuwar da ake kira Marwari, waɗanda suka yi arziki da ayarin raƙuma. Da ciniki ya koma tashoshin ruwa a zamanin Turawan Ingila, sai suka bi shi zuwa Kalkata da Bombay, suna aiko da kuɗi gida ana gina manyan gidaje da ake kira haveli, ana zane su ciki da waje. Kamfanin Bajaj, mai baburan da adaidaita sahun da suka cika titunan Kano, wanda ya assasa gidansu, Jamnalal Bajaj, a wani ƙauye kusa da Sikar aka haife shi, cikin wannan yanki.

Tsarin gidan ba zai zame maka baƙo ba: ƙofa babba, farfajiyar waje inda maigida ke ganawa da abokan ciniki, sannan tsakar gida ta mata. Zanen ne abin kallo. A jikin ɗanyen farin ƙasa suke shafa launi, ya bushe tare da bangon, shi ya sa ya kai yau. Za ka ga giwaye da dawakai da allolinsu, a gefe kuma jirgin ƙasa da mota da Bature da hularsa, abubuwan da maigida ya gani a birni ya zo ya ba mai zane labari. A Nawalgarh an mayar da gidan Podar gidan tarihi, an gyara shi, akwai mai zagayawa da baƙi. Amma da yawan gidajen a kulle suke. Jikokin masu su sun zama 'yan Mumbai da Kolkata, wato Bombay da Kalkata na da, sai wani tsohon mai gadi da iyalinsa a ɗaki ɗaya, tantabaru a sauran, an manna takardun talla a kan zanen shekara ɗari. Ka ba shi ɗan na goro ya buɗe maka. Ni da nake aiko da kuɗin bulo duk wata, wannan wurin yana taɓa ni, kuma ina so mu yi maganar ginin nan namu a can.

Batun kaya. Takalman fata na Jodhpur suna da kyan ɗinki, amma fatar ba ta kai jar fatar Sakkwato laushi ba. Inda suka fi mu shi ne gamawa: lamba daidai ƙafa, kwali, rasit, kuma mai shago zai aika maka da kayan har gida. Rininsu na ɗauri, bandhani, ya fi namu yawan launi da ƙananan ɗigo, shuɗinsu kuwa bai kama ƙafar na Ƙofar Mata ba. Ka yi ciniki sosai, kuma kada ka bi ɗan adaidaitan da ya ce zai kai ka shagon ɗan'uwansa, kamashonsa a cikin kuɗinka yake. Za a yi ta kallonka, wasu su nemi hoto da kai, musamman in ka sa babbar riga. Yawanci son sani ne, wani lokaci kuma rashin ladabi.

Abinci ba zai dame ka ba, don gero ne cimarsu, suna kiransa bajra. Suna yin gurasa da shi, suna kuma dama shi da tsala su sha. Dokar jihar ta hana yanka saniya, gidajen abinci da yawa ba sa dafa nama kwata-kwata, amma a unguwannin Musulmi akwai naman akuya da kaza na halal, da masallatai. Ruwan gora kaɗai za mu sha.

Har mai shayi a bakin titi da waya ake biyansa ta tsarin UPI, kuɗin ya shiga nan take. Da asusuna na nan zan riƙa biya, kai dai ka taho da dala mu canza. Kowane otal sai ya cike wa baƙo ɗan ƙasar waje takardar rajista, don haka fasfo ba ya rabuwa da aljihunka. Ka turo mini hoton shafin farko na fasfon da na biza, da ranar da likita ya ba ka, in kama mana gadajen ƙasa a jirgin tun ba su ƙare ba.

A gaida Hajiya, a ce mata na samo man zafin da ta yi magana.

Ƙaninka, daga Delhi.