Na tura farantaina shida wajen masu tantance tangaran ta hoto

Ni dai da farko ban ɗauka za su tsinana min komai ba, don wata kusan huɗu ina fama da farantan nan shida da na saya a gwanjo, farin tangaran mai furanni ja da ruwan hoda, baki ruwan zinare, a gindin kowanne an rubuta Hand Painted Nippon. Wani ya ce na asali ne, wani ya ce jabu ne, kai har na gaji na biya kuɗin na tura hotuna.

Wallahi matar da aka haɗa ni da ita ta san aikinta. Ba ta ce komai a kan furannin ba sai da ta sa na sake ɗauko gindin kowane faranti daban, kusa sosai, a hasken rana. Ta yi min bayani cewa dokar Amurka ta 1890 ce ta tilasta a riƙa rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, shi ne 'yan Japan suke sa Nippon, wato sunan ƙasarsu a harshensu, daga 1891, sai a 1921 aka ce dole a koma rubuta Japan. Tambarin nawa harafin M ne a cikin zoben ganye, na kamfanin Morimura, kuma ta ce shi wannan daga 1911 ya fara, kenan farantan tsakanin 1911 da 1921 suke. Sai ta ce in duba faranti na huɗu da kyau. Ina dubawa gabana ya faɗi, zoben ganyen a kife yake, buɗewar ta ƙasa maimakon ta sama, kuma a tsakiya ba M ba ne, wani zane ne mai siririn ƙugu kamar kalangu. Wata huɗu ina kallon farantin nan ban lura ba! Na ɗaga shi da hannu ya fi sauran nauyi, na haska tocila ta bayansa da ƙyar haske ke ratsawa, alhali sauran har inuwar yatsuna nake gani. Na sa gilashin ƙara girma kamar yadda ta ce, furen ɗigo-ɗigo ne irin na bugun inji, sauran biyar kuwa kana ganin sawun burushi, wani wurin fenti ya yi kauri wani wurin ya tsinke, ba ganye biyu da suka zo iri ɗaya. Ranar har na yi niyyar ba su tauraro biyar.

To amma takardar shaidar da suka turo ita ta ɓata min rai. Kwana 12 ina jira, bayan sun ce kwana uku ne, da ta zo kuma an rubuta 1891 zuwa 1921 a kan duka shidan, har da jabun, kamar ba su karanta abin da matar tasu ta rubuta ba. Na yi musu magana cikin mutunci, na tura musu saƙonta, sai wani ya amsa wai gyara sai na sake biya. Haba dai, kuskurenku ne fa, ni zan biya? Kuma abin da ya fi damuna, in da na sayar wa wani da takardar nan a hannu ai na cuce shi ban sani ba, sunana ne zai ɓaci. Ga shi na tambayi faranti na biyu da in na ƙwanƙwasa ba ya amo sosai, ko tsaga ce aka liƙe, har yau shiru, sai ni na nemo tocilar UV, mai hasken da ke sa gam ƙyalli, na ga wurin liƙin yana ƙyalli a gefen baki.

Tauraro uku na ba su, ukun nan kuma na matar ne. Takardar tana nan a imel ban ko buga ta ba, na huɗun kuma na cire shi daga cikin 'yan uwansa na ajiye gefe.