Farin Ruwa: tattakin ba wuya, hanyar motar ce aka ɓoye mana

Tallar da aka turo mini ta WhatsApp cewa ta yi: "Tattaki mai sauƙi cikin kurmi zuwa Farin Ruwa, yaro da tsoho duk za su iya." Farin Ruwa wani ruwa ne mai faɗowa daga saman dutse a Jihar Nasarawa. Wasu matasa ne 'yan nan Sakkwato ke shirya irin wannan tafiya ta buɗe ido. Su tara mutane, su ɗauki shatar mota, su nemo masauki da ɗan jagora, kai dai naka biyan kuɗi. Na bi su a ƙarshen Oktoban da ya wuce, kuma tun da na dawo mutanen majalisarmu ta Mabera ke tambayata ko abin ya ci kuɗinsa. Na gaji da maimaita labari ɗaya bayan kowace la'asar, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kalmar nan ta "sauƙi" ita ta ja ni. Gwiwata ta hagu ta daɗe tana yi mini gardama tun wata faɗuwa da na yi a kan babur, ba ni da ƙarfin hawan dutse. Sannan mu nan ruwa a kwance muka san shi. Gulbin Rima ya malalo a hankali ta Kwalkwalawa, madatsar Goronyo ta tara nata, sai in ya yi yawa ya zo ya ci gonakin mutane. Ruwan da zai riƙa faɗowa daga saman dutse dare da rana, wannan sai a talabijin. Da na kai wa Kawu labari, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa da ya haura shekara 60, sai ya ajiye butar da ke hannunsa ya dube ni.

"Ruwa bisa dutsi? To mi ya kai shi can?"

"Kawu, sai dai ku zo mu je ku gani da idonku."

Ni wasa na yi. Shi kuwa ya riƙe maganar da hannu biyu, washegari ya aiko yaro yana tambayar ranar tafiya. Haka na biya kuɗin mutum biyu.

Farin Ruwa yana Ƙaramar Hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, daf da iyakarta da Filato. Daga tudun Jos ruwan ke tasowa, ya zo bakin ganuwar duwatsun da tudun ya ƙare, ya zubo ƙasa. Tsawon faɗuwarsa ana ƙiyasta shi wajen mita 150, wato ya fi na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108, ko da yake wajen faɗi da yawan ruwa na Biktoriya ya fi shi nesa ba kusa ba. A mota na faɗa wa Kawu cewa ranar da aka cire Zamfara daga jikin Sakkwato, 1 ga Oktoba 1996, ita ce ranar da aka cire Nasarawa daga Filato. Ya ce ashe su ma an yi musu rabon gado da ransu.

Tafiyarmu daga Sakkwato zuwa Abuja ba ni da ƙorafi a kanta. An tashi bayan sallar asuba, direban bai yi gudun ganganci ba, kuma duk wanda ya san hanyar Gusau a 'yan shekarun nan ya san dalilin da ya sa ba a son dare ya riske ka a kanta. Mun iso lafiya, masaukin ma ba laifi.

Inda suka fara ɓata mini rai shi ne kwanar da mu a Abuja. Hanyar Farin Ruwa ta Keffi ake bi, a wuce Akwanga, sannan Wamba. Mai hankali Akwanga zai kai mutanensa su kwana, ko aƙalla Keffi, da safe sai ɗan abin da ya rage. Su kuwa sun fi son hoton Abuja a tallarsu. Aka ce za a tashi ƙarfe 5:30, ba mu bar masauki ba sai 7 saura, ana jiran wasu 'yan mata biyu da shugaban tafiyar da kansa. Mararaba da Masaka suka ci nasu rabon lokacin. Daga Wamba kuma aka bar kwalta mai kyau, aka kama hanyar da ba wanda ya ambace ta a talla: ramuka, jar laka, zaizayar ruwan sama, ga rafuka da sai mota ta tsoma ƙafa ta tsallaka. A wani rafin direbanmu ya fito ya tattare wando ya shiga ya auna zurfin da ƙafarsa, ya dawo ya ce shi fa motar ba tasa ba ce, ba zai saka ta ba. Gaskiyarsa. Nan aka tsaya cinikin 'yan acaɓa na ƙauyen, kowa ya biya daga aljihunsa, alhali an ce mana kuɗin da muka bayar ya haɗa da komai. Na yi wa shugaban tafiyar magana, ya ce za a mayar. Yau wata na nawa, ko saƙon ban haƙuri ban gani ba.

Ban ce laifinsu ne hanya ta lalace ba. Laifinsu shi ne sun sani, sun je ba sau ɗaya ba, suka yi shiru. Da sun faɗa, da an ɗauki motar da ta dace, da kuma mai ciwon baya ya san abin da zai tarar. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu mai juna biyu, ni da ita ba mu taɓa magana ba, amma duk ramin da muka faɗa sai na ji gabana ya faɗi saboda ita.

To, daga inda babura suka sauke mu ne tallar ta fara faɗin gaskiya.

Tattakin bai kai minti 40 ba, mu da muke tafe da dattijo da mai gurguwar gwiwa. Da farko fili ne mai dogayen ciyayi da suka fi mutum, da itatuwan da muka sani, ɗorawa da kaɗanya. Kaɗan-kaɗan sai hanyar ta tsuke, itatuwa suka haɗe kai a sama, rana ta koma ɗigo-ɗigo a ƙasa. Abin da jikina ya fara lura da shi sanyi ne, ba irin na hunturunmu mai fasa leɓe da dunduniya ba, sanyi mai laima, mai ƙamshin ruɓaɓɓen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutumin da ya saba da Afrilun Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 har kwalta ta yi laushi, sai ya ji kamar an buɗe masa firji. Kawu ya tsaya ya duƙa ya damƙi ƙasar wurin, baƙa wuluk, ya murza ta a tafin hannu ya shinshina.

"Wagga ƙasa ko taki ba ta so," in ji shi. "Kaico, an bar ta ga itace."

Hawa da gangara akwai su, amma babu inda sai ka dafa da hannu. Inda ya fi tsayi an yi matakala ta siminti, wasu sun farfashe, ana dai takawa. Wahalar guda ce, santsi. Duwatsun da ke kusa da ruwa gansakuka ta lulluɓe su, kore shar, ka taka kamar ka taka kuɓewa. Ni da wayona na sa takalmin fata na Sakkwato, sabo fil daga kasuwa, wai don hoto. Tsallaka rafi ɗaya ya jiƙe ya saki, tafinsa ya zama sabulu, na ƙarasa tafiyar ina riƙe da shi a hannu. Kawu da na yi wa dariya da safe saboda ya sa takalmin robarsa na shiga fadama, ko tuntuɓe bai yi ba. Masu kambas ma sun ji daɗi. Wannan ma da masu shirya tafiyar sun rubuta layi ɗaya a kai, da takalmina na nan da ransa.

In akwai wanda ya ci kuɗinsa da halal a tafiyar nan, ɗan jagoran ne. Saurayi ne ɗan ƙauyen, ba ma'aikacinsu ba, a nan suka same shi. Hausarsa irin ta mutanen Filato, ba ruwanta da namiji ko mace, amma idonsa na kan ƙafar kowa. Shi ya tsayar da mu cak ya nuna layin kwarkwasa da ya ratsa hanya, baƙi ƙirin kamar an ja igiya, ya ce a tsallake da sauri, kada wanda ya tsaya ɗaukar hoto. Wani matashi bai ji ba, muka bar shi a baya yana tsalle yana kakkaɓe wando. Shi ne kuma ya sare wa Kawu sanda tun kafin a tambaye shi, ya riƙa cewa, "Baba, sa ƙafa nan, ba can ba." Da na ga abin da aka miƙa masa a ƙarshe, kunya ta kama ni, na ƙara masa daga nawa.

Ƙarar ruwan muka fara ji tun ba mu gan shi ba. Da farko kamar iska a cikin rassa, can sai ta koma kamar tirela na tahowa ba ta isowa. Muna shan wata kwana itatuwa suka buɗe, sai ga shi. Baƙin dutse tsaye kamar bango, ruwa na sauka a jikinsa hawa-hawa, yana dukan wani tudu ya tarwatse ya sake haɗuwa ya doki na ƙasa. Fari tas. Nan na gane sunan: duka da tarwatsewar nan ce ke cusa masa iska ya zama kumfa, har daga nesa ka ɗauka hayaƙi ne ko an shanya farin ƙyalle a jikin dutsen. In ka ɗebo shi a hannu kuwa garau yake kamar kowane ruwa. Feshinsa na iso ka tun kana nesa, ya jiƙa riga, ya rufe gilashin waya. Magana sai da ihu.

Kawu bai ce komai ba. Ya zauna a kan wani falalen dutse, sandar a tsakanin gwiwoyinsa, hularsa ta jiƙe, yana ta motsa baki. Na matsa kusa na ji tasbihi yake yi. Mutumin nan rabin rayuwarsa ya ƙare ta yana jan ruwa da inji daga rijiyar fadama, yana lissafin litar fetur a kan kowace kwarya ta albasa. Can ya jawo ni ya yi mini magana a kunne.

"Kai ɗan nan, da dare ma haka yake zuba? Ba mai rufe shi?"

Na ce ba mai rufe shi. Ya girgiza kai, ya tashi ya nemi gefe mai kwanciya ya yi alwala, ya ce haƙoransa har sun amsa don sanyi. Nan muka haɗa azahar da la'asar a kan dutse, mu shida, da ɗankwalin wata da ta ara mana muka shimfiɗa wa liman. Ba masu shirya tafiyar suka tsara lokacin salla ba, mu muka tsayar da su.

Saboda lattin safe, awa ɗaya da 'yan mintuna kawai muka samu a wurin, bayan kwana biyu a hanya. Wannan ya fi kuɗin acaɓar ci mini rai. Abincin ranar da aka yi alkawari dafa-duka ce da aka zuba a roba tun asuba a Abuja, ta huce ta fara canza wari, rabinmu ba su ci ba. Kilishi da dabinon da Kawu ya ƙulle a aljihun babbar riga su suka cece mu, har da 'yan matan da suka sa muka makara. Wurin babu bayi mai amfani, babu inda mace za ta sauya jiƙaƙƙen kaya, sai dai 'yan uwanta su kare ta da mayafi. Mun wuce wasu ɗakunan saukar baƙi da aka gina shekarun baya aka bari, ciyawa ta cinye su. Ga robobin lemo da ledojin ruwa da masu zuwa ke watsarwa a gindin ruwan. Sabis na waya kuwa ka manta da shi, ka sanar da gida tun daga Wamba.

Mai niyyar zuwa ya lura da lokaci. Da tsakiyar damina ruwan ya fi cika, amma lokacin ne hanya ta fi muni, rafukan kan hana wucewa. Da rani hanya ta yi daɗi, ruwan kuma ya ragu sosai, ɗan jagoran ya ce wani har ya kan raina shi. Ƙarshen damina da muka je ya yi mana daidai.

Zan sake bin waɗannan yaran? Sai in sun rubuta mini a takarda inda za a kwana, irin motar da za a shiga daga Wamba, da wanda zai biya in ta tsaya. In ba haka ba, mu haɗa kanmu mu biyar ko shida, mu kwana Akwanga, mu nemi ɗan jagora a ƙauyen, ba abin da suka yi mana da ba za mu iya yi wa kanmu ba. Tattakin kansa dai na ba shi cikakken maki. Gwiwata ba ta kumbura ba, dattijo ya je ya dawo da ƙafarsa.

Kawu ya cika gorar roba da ruwan ya taho da ita har Sakkwato. Da ya zazzage a kwano gaban abokansa a bakin masallaci, suka leƙa, ɗaya ya ce ai wannan ba fari ba ne, ruwa ne kamar na randar gidansa. Har yau gardamar ba ta mutu ba, kuma ni ake kira shaida.