Galaxy S24 Ultra ko iPhone 15 Pro Max: wacce za ta jure zaman ƙauye?

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji da ke wani ƙauye a wajen Gumel. Harkar hatsi da dabbobi yake yi, kusan kowace Alhamis yana kasuwar Maigatari. An yi masa tayin wayoyi biyu da aka riga aka yi amfani da su, Samsung Galaxy S24 Ultra da iPhone 15 Pro Max, kuɗinsu kuma bai yi nisa da juna ba, shi ne yake neman a zaɓa masa. Ya ƙara da cewa layi biyu yake riƙewa, wutar NEPA kuwa sai a kwana uku ba a ga ƙyallinta ba.

To Alhaji, maganar layi da maganar wuta da ka kawo su ne rabin amsar, don haka da su za mu fara kafin a zo kan kyamara.

iPhone 15 Pro Max kala-kala ce, ya danganta da ƙasar da aka yi ta dominta. Ta Amurka ba ta da gidan sim ko ɗaya, tun daga iPhone 14 Apple ya cire shi a can, sai eSIM kawai, wato layin da ake dasawa cikin wayar ba tare da kati ba. Ta Ingila da sauran ƙasashen Turai da Dubai tana ɗaukar sim ɗaya na kati, na biyun sai eSIM. Ta Hong Kong da Sin ce ke ɗaukar kati biyu. MTN da Airtel suna yin eSIM, amma sai ka je ofishinsu da NIN ɗinka, kuma duk ranar da wayar ta mutu ba ka da katin da za ka zare ka sa a ƙaramar wayar yaronka ka ci gaba da kiran dillalai. Ga mutumin da ofishin kamfanin layi mafi kusa da shi sai ya shiga mota, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai kuma abin da ya yi yawa a kasuwa yanzu: a ɗauko ta Amurka, a buɗe ta, a huda gefenta a dasa mata gidan sim. Tana aiki, amma an riga an karya hatimin da ke hana ruwa da ƙura shiga, an kuma taɓa injin da wuta. Idan ka duba lambar samfurin a cikin saitin wayar ka ga ta ƙare da LL/A alhali ga gidan sim a jikinta, aikin hannu ne, ka ajiye musu abarsu.

Ita ma Galaxy tana da irin nata. Mai lamba SM-S928B, wadda ake kawowa Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa, galibi tana cin sim biyu na kati, tana kuma karɓar eSIM. Mai lamba SM-S928U ta Amurka ce, kati ɗaya take ci, kuma wasu suna zuwa a ɗaure da kamfanin layin can. A nan dai Galaxy mai B ce ta dace da kai.

Batirin Galaxy 5,000 mAh ne, na iPhone kimanin 4,400. Kada lambar ta ruɗe ka, domin iPhone ba ta da cin wuta, a aikin yau da kullum kusan tare suke kaiwa dare. Abin da ke cinye caji a ƙauye ba kallon bidiyo ba ne, raunin sabis ne. Idan eriya ta yi nisa, wayar kan ƙara ƙarfin da take neman sabis da shi, ta yi zafi, batir ya zube. Layi biyu kuma nema biyu ne. Dukansu suna da 5G, amma 5G tamu ta tsaya ne a manyan birane irin Kano, don haka ka kashe ta ka bar wayar a 4G.

Wajen saurin cika, Galaxy ta fi. Tana karɓar wat 45, Samsung ya ce tana kai kashi 65 cikin minti 30, amma sai da caja mai PPS, wato wata fasahar caji mai sauri, da kebul mai ɗaukar amfiya 5. Da caja gama-gari za ta yi caji, a hankali. iPhone da caja mai wat 20 tana kai rabi a cikin minti 30 zuwa 35. Idan janareton maƙwabci awa ɗaya yake yi bayan magariba, wannan bambancin za ka gan shi. Babu wadda ke zuwa da kan caja a kwali, kebul kawai, kuma bakinsu ɗaya ne, USB-C. iPhone 15 ce ta farko da ta bar tsohon bakin Lightning, bayan da Tarayyar Turai ta kafa dokar caja bai ɗaya.

Shawararmu a nan ta shafi ko wacce ka saya: kada ka kai waya irin wannan shagon caji. Wutar ƙaramin janareto hawa da sauka take, cajojin da ke jere a kan katakon nan kuma ba su da abin tace wuta na kirki, su ne ke ƙona sashen caji na cikin waya, gyaran da sai a Kano. Sayi fawabank mai 20,000 mAh wanda ke fitar da aƙalla wat 20, shi za ka riƙa aikawa shago ko ka haɗa shi da sola, wayar ta sha daga gare shi. Ka sani cewa 20,000 ɗin nan ba duka ke isa wayar ba, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya wajen sauya ƙarfin wuta da zafi, don haka ka ƙiyasta cikawa biyu da rabi.

Sai zafi. Apple ya rubuta cewa an yi wayarsa ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, ma'aunin Samsung ma haka yake, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Idan suka yi zafi, dukansu suna rage hasken sikirin da saurin aiki da kansu, iPhone har takan dakatar da caji ta rubuta maka sai ta huce. Ba lalacewa ba ce, kare kanta take yi. iPhone 15 Pro da Pro Max sun yi ƙaurin suna da zafi a makonninsu na farko, Apple ya fitar da sabuntawar manhaja iOS 17.0.3 a Oktoban 2023 ya gyara. Abin da ke kashe batir da wuri shi ne a haɗa masa zafi da cika dam. Kada a bar waya a gaban gilashin mota ko a ƙarƙashin matashi tana caji, a cire mata riga mai kauri idan za a saka ta. Dukansu suna da wurin da za ka tsayar da caji a kashi 80, yana da amfani ga mai sola a gida, amma ranar kasuwa ka cika ta.

A cikin rana tsaka Galaxy ta fi karantuwa. Sikirinta inci 6.8 ne, haskensa yana kai nit 2,600 (nit ma'aunin hasken sikirin ne), na iPhone inci 6.7 mai nit 2,000. Abin da ya fi lambar tasiri shi ne gilashin Gorilla Armor da ke kan Galaxy, wanda ke rage ƙyallin rana sosai. Sai dai da zarar ka manna masa gilashin kariya mai arha na bakin titi, wannan falalar ta tafi. Nauyi kusan ɗaya ne, giram 232 da 221, duka gefensu ƙarfen titaniyam, duka suna jan aljihun riga.

Kyamarar Galaxy babba megafiksel 200 ce, ta iPhone 48, amma a hoton yau da kullum Galaxy tana haɗe ɗigogin ne ta fitar da 12, iPhone ta fitar da 24, WhatsApp kuma ya matse su duka. Inda Galaxy ta yi zarra shi ne jawo abu daga nesa: tana da ido mai ninki 3 da mai ninki 5 na megafiksel 50, iPhone mai ninki 5 kawai na megafiksel 12. Idan sa ne a can tsakiyar kara kana son tura wa mai saye a Legas hotonsa ba tare da ka kutsa ba, Galaxy za ta fi fito maka da shi. Idan kuwa bidiyo ne, dabba tana tafiya kana biye da ita, ko bikin ɗiya da dare, iPhone ta fi natsuwa, launinta ya fi kama da gaskiya, kuma ya fi kyau idan an ɗora a TikTok ko Facebook. A kula da memori: minti ɗaya na 4K mafi girma a iPhone yana cin kusan megabayit 400, na 1080p kusan 60. Babu mai gidan katin memori a cikinsu, ƙaramarsu gigabayit 256 ce. Babu rediyon FM, babu ramin iyafis. Mai son jin labaran safe ba da data ba, kada ya rabu da ƙaramar rediyonsa.

Alƙalamin S Pen da ke cikin Galaxy gado ne daga Galaxy Note, wadda ta fara fita a 2011, ta sha kunya a 2016 lokacin da batirin Note 7 ya riƙa kamawa da wuta har aka janye ta, daga baya a 2022 aka narkar da ita cikin S22 Ultra. Ga ɗan kasuwa yana da rana: ka zaro shi ka rubuta buhu nawa, wa ya karɓa, a kan sikirin ko ba ka buɗe wayar ba, da boko ko da ajami.

Kishin da ke tsakanin gidajen nan biyu ya daɗe. Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya fito da iPhone a 2007, Samsung ya biyo da Galaxy S a 2010, a Afrilun 2011 Apple ya maka shi a kotu a Kalifoniya bisa zargin kwaikwayo. A 2012 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce Samsung ya biya sama da dala biliyan 1, aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, a 2018 kuɗin ya tsaya a dala miliyan 539, sannan suka sasanta a waje. Abin dariya, tun iPhone X ta 2017 Samsung na cikin masu ƙera wa Apple sikirin. A 2023 ƙididdigar IDC, kamfanin da ke bin diddigin kasuwar waya, ta nuna Apple ya wuce Samsung a yawan wayoyin da aka fitar, karo na farko da Samsung ya bar saman tebur tun bayan 2010. iPhone 15 Pro Max ta fita a Satumban wannan shekarar a kan dala 1,199, S24 Ultra ta biyo ta a Janairun 2024 a kan dala 1,299, ita ma da titaniyam. A Afirka kuwa duk faɗan manya ne, kasuwar tana hannun Transsion, mai Tecno da Infinix da itel.

Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin duk wanda ke kewaye da kai Android yake riƙewa. Wa'azi ko bidiyo da ake turawa ta Bluetooth ba ya shiga iPhone, sai an bi ta Xender ko an ƙona data. Idan kai ma Android kake riƙewa yanzu, WhatsApp ɗinka da ke cike da lissafin abokan ciniki yana ajiye a Google Drive, zai koma Galaxy cikin sauƙi, amma kai shi iPhone sai da manhajar Move to iOS, kuma sai wayar tana a goge kamar sabuwa. Ma'ajiyar kyauta ta Google gigabayit 15 ce, ta iCloud 5. Fasahar fassara kiran waya da Samsung ya yi ta talla ba ta jin Hausa, kada ta shiga lissafinka.

iPhone ta fi riƙe daraja idan za a sayar, kuma masu gyaranta da kayanta sun fi yawa a kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano. Sikirin Galaxy na asali yana da tsada ƙwarai, na jabu kuma yakan kashe na'urar karanta yatsa da ke ƙarƙashinsa. A ɗaya ɓangaren, Samsung ya yi alƙawarin sabunta manhajar S24 har shekara 7, wato zuwa 2031.

Da za ka ce bidiyo ne sana'arka, ko kana sauya waya duk shekara, da iPhone muka ce. Amma ga layi biyu, ƙarancin wuta da ciniki a cikin rana, ɗauki Galaxy mai lamba B.

Ranar saye ka tafi da layukanka biyu, ka saka su ka yi kira da kowanne a gaban mai shagon. Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta kwali ko ta rasit. Danna *#0*# ka buɗe shafin gwaji na Samsung, ka duba ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya don ganin tabo ko zane a sikirin, ka gwada taɓawa da lasifika. Yi rajistar yatsanka a nan take, idan ta ƙi, mai yiwuwa an sauya sikirin. Zaro alƙalamin ka yi rubutu har gefe-gefe. Sannan ka sa a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ta tashi, ka shigar da Gmail ɗinka. Idan ta nemi na tsohon mai ita, kuɗinka ya zauna a aljihu.