Na kai liyarin kakata wurin wani maƙerin fari a Tudun Wada

Da aka raba kayan kakarmu, abin da ya faɗo rabona ƙullin tsumma ne, a ciki akwai liyari biyu, fataka ɗaya da sulalla huɗu, duk tsofaffin kuɗin azurfa. Duk wanda ya gani a gida sai ya ce na tsinci dami a kala, tunda 1780 aka rubuta a jikin liyarin. Wata abokiyar aikina ce ta yi mini kwatancen wani dattijo maƙerin fari a kusa da Kasuwar Barci, wanda ban da ƙira yake duba tsofaffin kuɗin azurfa. Na je ranar Asabar da hantsi.

Shagon ɗan tsukuku ne, benci ɗaya, sai ƙaramin sikeli da gilashin ƙara girma rataye a wuyansa. Bai ce komai ba sai da ya auna. Na farko ya ba da giram 28 daidai, wanda shi ne nauyin liyari na ƙwarai. Na biyun ya ɗan gaza, saboda an huda shi an yi abin wuya da shi.

Sannan ya ɗago ya ce, "'Yata, kada shekarar nan ta ruɗe ki." Ya ce matar da ke jiki, Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, a 1780 ta rasu, amma ba a daina buga kuɗin ba, kuma ba a taɓa canza shekarar ba. An buga a Biyana, an buga a Rum, da Faris, da Landan, har da Bombay. Abin da ke tona asirin kowanne shi ne hatimin ƙarfen da aka buga shi da shi, domin hannun masu sassaƙa hatimin ba ɗaya ba ne.

Nan ne kuɗina ya biya. Ya miƙo mini gilashin, ya juya liyarin, ya sa tsinken ashana a jelar mikiyar nan mai kai biyu, ya ce in ƙirga gashin tsakiya. A ɗaya na ga uku. A ɗayan, mai hudar, biyu kacal. Na sake ƙirgawa don ban yarda da idona ba. Ya ce mai uku salon Biyana ne, mai biyu kuwa irin bugun Landan ne, wanda aka fara a 1936. Wato abin da muke ɗauka ya haura shekara ɗari biyu, sa'an kakata ne. Raina ya ɗan sosu, amma na fi son haka da a bar ni cikin duhu. Ya kuma nuna mini haruffan S.F. a ƙarƙashin hoton, da ƙananan duwatsun da suka kewaye maɓallin kafaɗarta, ya ce su ma ana ƙirga su.

Sulallan bai daɗe a kansu ba. Na Sarki Joji na Biyar ne, masu bishiyar kwakwa. Biyu na 1913 suna da ɗan harafin H a gindin bishiyar, alamar kamfanin Heaton na Birmingham, sauran ba harafi, bugun Landan ke nan. Ya ce har 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin dubu.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba. Ya buga fatakar a kan maƙera don ya ji ƙararta, gabana ya faɗi, don hakan na iya yi wa bakinta tabo. Kuma ya ce in bari ya wanke mini su da toka da lemon tsami su yi ƙyalli. Na ce, "A'a Baba, a bar su haka." Dabi'ar maƙeri ce son abu ya yi fari, amma masu tara tsofaffin kuɗi sun fi daraja wanda ba a goge ba, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Bai yi musu ba.

Ba ya rubuta wa mutum komai, don haka a tafi da littafi da biro, kuma da safe, don hasken shagon na ƙofa ne. Naira dubu uku ya karɓa, bai ko taya kayan ba. Mahaifiyata na da wasu fataka uku a adakarta, na riga na roƙe ta aronsu zuwa Asabar mai zuwa.