Takalmin hawan Bagzan: wanne za ka saya kafin ka bar Damagaram?

Wanda ya tashi yana tsallake duwatsun unguwar Birni a Damagaram yakan ɗauka ya san dutse. Ni ma haka na ɗauka kafin in je Bagzan a ƙasar Abzin. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce, duk Nijar babu inda ya fi ta bisa. Daga Damagaram sai ka bi ta Tanut da Adarbisnat ka shiga Agadas, sannan ka nufi wajen Tabelot, garin masu lambun albasa, inda ake samun ɗan jagora da jakunan ɗaukar kaya. Hawan ba ya buƙatar igiya, amma hanyar tsakuwa ce da manyan duwatsu, wani wurin sai ka dafa da hannu. Abin da ke tsakaninka da faɗuwa shi ne ƙasan takalminka, don haka shi za ka fara juyowa ka duba a kasuwa.

Za ka ga Buzayen wurin suna hawa da takalmin fata ko na taya, sai ka ce ai kai ma za ka iya. Kada ka gwada. Ƙafarsu ta saba tun ƙuruciya, taka kuwa tuntuɓe ɗaya zai fasa maka babban yatsa, ga sanyin Disamba da Janairu can sama mai sa ƙafa ta ƙage. Sai dai ka saka shi a jaka saboda alwala da hutun dare.

Kambas ba shi da nauyi, kuɗinsa da sauƙi, kuma a kan busasshen falalen dutse yana kamawa. Illarsa ƙasan siriri ne, kowace tsakuwa sai ka ji ta, idon sawu kuma a waje yake, targaɗe ba wuya. Takalmin soja yana tsare idon sawu sosai, amma nauyi gare shi, sabonsa kuma yana saɓule dunduniya tun ranar farko.

Ni dai zaɓina shi ne takalmin hawan dutse na gwanjo, irin wanda akan dace da shi a Kasuwar Dole ta Damagaram in an yi haƙurin tona tuli, musamman ranar Alhamis. Nemi mai zurfin zane a ƙasa, mai roba ta rufe bakin yatsu. Idan ka ga wata alama rawaya mai kusurwa takwas an rubuta Vibram, ƙasan kamfanin Italiya ne da ya daɗe yana yi wa mahaya dutse aiki. Amma a nan ne ake cin mutum. Gwanjon da ya jima a ajiye, soson da ke tsakiyar ƙasansa yakan ruɓe alhali fuskarsa na ƙyalli. Na taɓa sayen irinsa, mai kayan yana ta cewa, "Malam, wannan ko jikanka ya gada." Rana ta biyu a kan dutse ƙasan ya buɗe baki, soson na zuba kamar garin rogo, da igiyar jaki na ɗaure shi na sauko. Tun daga nan nake lanƙwasa takalmi da ƙarfi, in danna gefensa da farce. In ya tsage ko ya marmashe, ajiye shi. In ya tsaya, kai wa baduku ya zagaye shi da ɗinki, gam kaɗai ba ya jure zafinmu.

Je ka da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada da safa mai kauri, ka bar sararin yatsa guda a gaba, domin a gangarowa ne farce ke dukan baki har ya yi baƙi. Sannan ka ba shi mako biyu kana hawa da sauka da shi a duwatsun Birni bayan la'asar, inda zai cije ka ya nuna tun kana gida.