Ondilar mai arha a zafin Maradi: abin da na gani bayan na yi aiki da ita

Babban kason wutar da muke sha a Maradi daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Shi ya sa da aka yanke ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ji a jikinsa har farkon 2024 da aka maido. Amma ko a zaman lafiya, da bazara ta kama sai kuran ya riƙa tafiya ba sallama. Mai laftof ba ruwansa, batirinsa na ciki. Mu masu kwamfutar tebur kuwa allo ne zai yi baƙi, aikin awa guda ya bi ruwa. Ni kuma sana'ata ke nan a gida, buga wa ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo takardun kammala karatu, kuma ɗalibin da ke da ranar kare aikinsa ba ya jin uzurin an ɗauke wuta.

A wani shago kusa da babbar kasuwa na sayi ondila, wato ƴar na'urar nan mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, jika talatin da ƴan kai bayan ciniki. Akwai masu suna irin APC da Eaton, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihuna, sai na ɗauki irin ƙananan nan baƙaƙe na Sin da aka rubuta wa 650VA. Na ce da mai shagon, "Alhaji, awa nawa take riƙewa?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ba gurup ba ce. Ka adana aikinka ka kashe, iyakarta ke nan." Na gode masa da gaskiyar nan, don da yawa za su ce maka awa biyu.

Lambar 650 ɗin kada ta ruɗe ka. In ka juya bayanta ka karanta ƙananan rubutun, wat 360 ne ainihin abin da take ɗauka. A cikinta kuma batir ɗaya ne tal, mai bolt 12 da amfiya 7, wanda girmansa bai wuce na babur ba sosai. Kwamfutata da allonta ba su kai rabin wat ɗin ba, don haka tana sabuwa takan ba ni kusan kwata na awa. Ya isa ka adana fayil, ka rufe komai, ka kashe cikin natsuwa. Saurin karɓarta kuwa ba abin cewa: fitilar ɗaki ta mutu, fanka ta tsaya, allo ko ƙyaftawa bai yi ba.

Abin da ya fi yi mini daɗi ma ba a kansa na saye ta ba. Da almuru, lokacin da unguwa duk ta kunna fanka da firji, ƙarfin wuta kan yi ƙasa da bolt 220 ɗin da ya kamata, har kwan fitila ya yi ja. A da kwamfutar kan kashe kanta ta sake tashi. Yanzu sai in ji ondilar ta yi ƙas, ta ɗaga ƙarfin da kanta ba tare da ta taɓa batir ba. In za ka saya, nemi wadda aka rubuta wa AVR a jikin kwalin, ita ce mai yin wannan aikin.

Sai dai batirin nan da zafi ba sa ga maciji. Masu ƙera irinsa a kan digiri 25 suke lissafin kwanansa, kuma duk ƙarin digiri 10 kusan rabin rayuwarsa yake ci. Mu kuwa a Afrilu da Mayu 40 muke wucewa, a ɗaki mai rufin kwano. Bayan bazara ɗaya kwatan nan ya dawo minti biyar, daga baya ma da kuran ya tafi sai ta yi kuka ta mutu tare da kwamfutar. Na zaci ta lalace. Mai gyara ya kwance kusoshin, ya zaro batirin, cikinsa ya kumbura har murfin ya lanƙwashe. Ya cire waya ja da baƙa, ya sa sabo, ta dawo kamar ranar farko. Kuɗin sabon ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ondilar, saboda haka mai saye ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Tun daga nan na ɗauke ta daga lungun tebur na ɗora ta inda iska ke ratsawa, kuma lokacin hazo nakan goge ƙurar da ke toshe kafofinta.

Aibinta na biyu shi ne jinkirin cika. Awa shida zuwa takwas take so. A ranar da ake kawowa ana ɗaukewa, yankewar farko ce kawai take tarar da ita a ƙoshe. A ta biyu da ta uku, sai dai ka hanzarta ka kashe.

Kukanta ma akwai damuwa, tit, tit, ba fasawa, kuma irin tawa ba ta da maɓallin yi mata shiru. Da dare har yara take tayarwa.

Firinta mai leza kada ta kusance ta, wutar da take ja lokacin ɗumama kanta ta fi ƙarfin ondilar gaba ɗaya. Fanka ma haka, ko da zafi ya sa uwargida ta roƙa: wutar da take bayarwa daga batir ba mai santsi ba ce, sai fankar ta riƙa gurnani, batirin kuma ya ƙare a banza. Kwamfuta, allo da akwatin intanet, su kaɗai na jona.

Wanda ke son ci gaba da aiki awa biyu ko uku ba wuta, ya tara kuɗinsa ya nemi inbata da babban batir, ko ya hau sola. Wanda kuwa damuwarsa kada aiki ya ɓace ko kwamfuta ta ƙone, zan ce ya saya, ta biya ni kuɗina. Amma ya sa mai shago ya jona mata kwamfuta a gabansa, ya zare filogi, ya duba agogo, don wadda ta daɗe a ajiye a sito batirinta ya riga ya fara mutuwa tun tana cikin kwali.